Kawu Arzika da Cokali na Uku

Duk wanda ya san Kawu Arzika ya san ba a miƙa masa kwali a hannu. Ko na shayi ne, ko na sabulu, ko na magani, ba abin da ke ciki yake fara dubawa ba. Zai juya shi ya nemi gefen da aka manne da gam, ya sa farcen babban yatsa ya ɓanɓare a hankali, ya shimfiɗe shi a gwiwarsa kamar fatar da za a shanya. Wani lokaci har ya shinshina tawadar. Sannan ya yanke hukunci. Ko ya ce, "Wanga ya san aiki," ko ya ce, "Wanga Allah shi shirye shi."

Ranar ɗaurin auren yayata, Inna ta aike ni da kwalin sukari mai ƙwaya in kai wa masu dafa shayi a ƙofar gida. Kawu ya tare ni a zaure.

"Kawo in gani, Malama Shiru." Haka yake kirana, saboda ba na magana.

Na miƙa masa. Kafin in ankara sukari ya watse a tabarma, har cikin takalman baƙi. Inna ta leƙo daga cikin gida ta ce, "Yaya Arzika, yau ma?"

Ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "Hauwa, zo ki ga gindin kwalin nan. Harshe huɗu ya yi mishi, suna kulle juna, babu gam ko ɗigo. Sukari ai kowa na iya yin shi."

Ni na durƙusa na tsince sukarin. Shi kuwa ya ninke kwalin ya sa a aljihun riga, ya tafi wurin ɗaurin aure da shi.

Kawu yayan Inna ne. Ya yi shekaru yana aiki a wani gidan buga takardu a Kwatano, da ya dawo gida ya buɗe ɗan shago bayan tashar Dogon Dutsi. Teburi ɗaya, kwamfuta ɗaya, da ƙaramar na'urar buga takarda. Aikinsa zana kwali. Masu sabulu, masu kilishi, masu garin zogale, duk wanda ke son kayansa su shiga kanti cikin kwali, wurinsa yake zuwa. Ba shi ke buga kwalayen ba. Yana zanawa a kwamfuta, ya sa aikin cikin kile, wato ɗan abin nan da ake ɗaukar aiki daga kwamfuta zuwa wata, a kai Yamai a buga a yanka, su dawo a shimfiɗe, masu kaya su naɗa da hannunsu.

Yau wata biyu da rasuwarsa. Kun ba da labaransa da yawa a zaman makoki, ni ina gefe ina saurare. Nawa labarin ba zan iya faɗarsa da baki sau biyu ba, shi ya sa na rubuta. Aikinsa na ƙarshe, kwalin garin kunun jarirai na matan Dumega, yana da kuskure. Ni kaɗai na gan shi, kuma ban faɗa masa ba har ya rasu. Amma wanda bai san yadda Kawu ya tsani kuskure ba, ba zai gane abin da ya rufe mini baki ba, don haka bari in faro daga kura.

Lokacin ina firamare. Wani ɗan kasuwar Kore Mairuwa ya ba shi kwalin garin gero, aka rubuta a fuskarsa: Gari mai tsabta, babu ƙura, babu tsakuwa. Kwamfutar gidan bugawa ba ta da irin haruffan da Kawu ya yi amfani da su, sai ta sauya da nata, ƙ ta koma k. Kwalaye suka wuce Kore Mairuwa kai tsaye, Kawu bai gan su ba.

Sai ga Mushe Gado, taubashinsa, tsohon malamin makaranta (Mushe ake kiran malaman boko a nan, daga Faransanci), ya shigo shago da kwali ɗaya a hammata. Ya zauna, ya gaishe shi a natse kamar mai ta'aziyya.

"Arzika, godiya na zo yi. Shekara da shekaru ina sayen gari da tsoro. Yanzu hankalina ya kwanta."

"Mi ya faru kuma?"

"Ga shi ka rubuta, babu kura ciki. Sai dai ba ka ce komi ba bisa damisa."

Kawu ya karɓi kwalin, ya daɗe yana kallo. Washegari ya shiga mota zuwa Kore Mairuwa da baƙin biro uku. Ya zauna a ɗakin ajiyar mutumin yana bin kwali ɗaya bayan ɗaya yana yi wa k ƙugiya. Mai garin geron ya ce masa, "Malam Arzika, wallahi ba wanda ya damu, gari na tahiya." Kawu ya ce, "Ni na damu." An ce har wata mata da ta riga ta saya ya bi cikin kasuwa, ya roƙe ta ta tsaya ya gyara mata nata. Kwana uku ya yi. Da ya dawo, yatsu baƙi ƙirin, Mushe Gado ya tarye shi a tasha.

"An kashe kurar?"

"A'a. Ƙugiya na sa mata."

Tun daga nan ya kafa wa kansa doka biyu. Kafin aiki ya bar shagonsa sai ya mayar da kowane harafi zane, yadda babu kwamfutar da za ta iya taɓa shi. Kuma ba ya aika komai sai ya buga shi a takarda mai kauri, ya yanka da reza, ya naɗa da hannunsa, ya juya shi ta kowane gefe.

Da na shiga koleji na fara tsayawa shagonsa in an tashi, domin yana kan hanyar gida kuma ba ya sa ni magana. Nakan zauna a benci bayansa ina kallon allon kwamfutar. A can kwali a shimfiɗe yake, kamar riga da aka yanka ba a ɗinka ba. Jan layi shi ne inda wuƙa za ta yanka. Shuɗin layi mai ɗigo-ɗigo, siriri kamar gashi, shi ne inda za a naɗa. Kowane yanki yana da suna a bakin Kawu: fuska, baya, haƙarƙari biyu, kai da gindi. Sai wani siririn yanki a can ƙarshe, manne da baya, wanda ake shafa wa gam ya shige ciki. Wannan yake kira kunne. Ya ce mini sau ɗaya, yana nuna shi da kibiyar kwamfuta, "Duk abin da ya hau kunne, gam zai cinye shi." Abin da ake motsa kibiyar da shi kuwa, bai taɓa kiransa da sunan Faransanci ba. Kusu yake ce masa, wato ɓera, in ya ƙi aiki ya buga shi a teburi ya ce bai ƙoshi ba.

Ina kan bencin nan ranar da Malam Nasiru ya zo, saurayin nan mai sayar da zuma, mai gemu da ɗan gajeren wando, mai ladabi ƙwarai. Yana so a rubuta ayar da ta ambaci zuma a fuskar kwalinsa, da Larabci, da ruwan zinariya. Kun san Kawu ba malami ba ne, ko huɗubar Juma'a yakan yi gyangyaɗi. Bai yi musu ba. Ya sa takalmi ya ce, "Taho mu tahi nan kusa."

Daga ƙofar shago ana hango bolar bayan tasha. Na ga sun tsaya a bakinta. Iska ta kawo mini muryar Kawu.

"Ka ga wancan da akuya ke taunawa? Ni na zana shi, kwana tara. Ka ga wancan cikin kwata? Shi ma nawa ne. Kowane kwali nan shike ƙarewa, ko mai tuya ta hura wuta da shi. Nan kake so aya ta kwana?"

Malam Nasiru ya kalli akuyar. Ya yi istigfari ya ce, "Baba, ka fi ni gaskiya."

Suka dawo, Kawu yana tafiya kamar wanda ya ci kokawa. Ya zauna ya ce, "To, mu sa ƙudan zuma babba a fuska, da fikafikai."

Malam Nasiru ya sunkuyar da kai. "Baba, ai mai rai ne. Ba ni son hoton mai rai."

Sai da suka kai la'asar suna ja, ƙarshe aka tsaya a kan saƙar zuma, ƴan ɗakuna masu kusurwa shida, ruwan ɗorawa. Da kwalaye suka iso, wata tsohuwa ta ɗauki ɗaya a shagon Malam Nasiru ta tambaya ko yanzu wayar kaji ma cikin kwali ake sayar da ita. Labari ya iso wa Kawu. Ya aika masa da saƙo: "Ni na hana ka aya, kai ka hana ni ƙuda. Sai mu haƙura mu sayar da raga."

A bara na fara lura da wasu abubuwa. Kawu zai yi ta yawo da kusu a teburi yana neman kibiya, ita kuwa tana nan tsakiyar allo. Ya ƙara wa komai girma, har harafi ɗaya ya cika rabin allon. In ya zuba shayi, wani yakan sauka gefen kofi, sai ya sa hannun riga ya goge da sauri. In mutum ya tsaya a ƙofa ba ya kiran sunansa sai ya yi sallama. Ciwon suga ne yake cin idonsa, amma bai faɗa wa kowa ba.

Sai ya fara yi mini jarrabawa.

"Malama Shiru, karanta mini wanga layi, in ji ko makarantar taku ta lakkwal na koya muku wani abu."

In karanta. Ya ce Faransancina kamar na mai mura, in sake. In sake. Ya nuna wani wuri ya ce, "Wagga kala, a naki gani, mi ce?"

"Kore ce, Kawu."

"Madalla. Ashe kin sani."

Na gane ba jarrabawa ba ce. Shi ma ina jin ya san na gane. Ba wanda ya ce komai a cikinmu, haka muka yi aiki kusan shekara.

Ana cikin haka Hajiya Kulu ta zo, shugabar ƙungiyar matan Dumega. Suna soya gero da wake da gyaɗa su niƙa, garin kunun jarirai ke nan. A leda suke sayarwa, suna yi wa kowace uwa bayani da baki. Yanzu wasu kantuna sun yarda su karɓa in yana cikin kwali, kuma a kanti babu mai yin bayani. Awon da likita ta ba su shi ne cokali uku na gari, kofi ɗaya na ruwa.

Hajiya Kulu ta ce, "Malam Arzika, mata ba rubutu za su karanta ba, cokula za su ƙirga. In sun ga biyu, biyu za su zuba, yaro shi sha ruwa mai kala, uwa na zaton ta ciyar da shi."

Kawu ya ce, "To cokula za su gani."

Ya zana su a bayan kwalin, kofi a hagu, cokula uku a jere a dama, kowane da tudun gari a kansa. Ranar wata Laraba da yamma, ana gab da gamawa, ya kai fuskarsa dab da allo ya daɗe. Ya ce cokulan sun yi ƙanana, akwai tsofaffi masu renon jikoki, ya kamata su ma su gani. Ya ja su suka girma. Ya sake ja. Ina kallo cokali na uku ya tsallake shuɗin layin nan siriri, ya hau kunne, sai ɗan bakin mariƙinsa ya rage a baya.

"Lahiya lau shike, Malama Shiru?"

Na buɗe baki. In na ce cokali ya hau kunne, na ce masa bai ga layin ba ke nan. Mutumin da ya bi harafi ɗaya har Kore Mairuwa da biro. Na kalli ƙeyarsa, furfura ta cika ta, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Na ce, "Lafiya lau, Kawu."

Ya sa aikin cikin kile. Zai buga a takarda ke nan aka ɗauke wuta. Ya ce, "Gobe mu naɗa." Na tafi gida ina lallashin kaina cewa gobe in an naɗa, zan ajiye kwalin a gabansa, yatsata a wurin, ba sai na yi magana ba.

Da goben ta zo bai buɗe shago ba. An kai shi asibiti da safe, ya kwana biyar, a can ya rasu. A rana ta biyu ya ciro kile daga aljihu ya ba Baba ya ce, "Na matan Dumega ne, ya ƙare." Ina tsaye a bakin gado. Nan ma ban ce komai ba, ɗakin cike yake da manya.

Ranar sadakar uku, bayan an yi addu'a mutane sun ragu, dangi suka zauna a tsakar gida ƙarƙashin dogon yaro. Hajiya Kulu ta zo gaisuwa. Baba ya shiga ɗaki ya fito da kile ya ce akwai direban da zai tashi Yamai bayan azahar, a ba shi ya kai, amanar mamaci ba a jinkirta ta. Wani ya tambaya ko za a sa a duba. Mushe Gado ya ce, "Aikin Arzika ba a duba shi. Shi ke duba na mutane."

Na san ba zan iya faɗa da baki a gaban taro ba. Sai na tashi na ɗauki makullin shago a ƙusa cikin ɗakin Inna, na fita ta ƙofar baya. Shagon yana nan yadda ya bar shi, kofin shayinsa da busasshen zobe a gefe. Na kunna kwamfuta, na buga aikin a takarda mai kauri. Na yanka bisa jan layi, na bi shuɗin da bayan reza, na naɗa, na shafa wa kunne gam na danne da yatsa har ya kama. Wani gefen ya karkace, amma kwali ne.

Na dawo na durƙusa gaban Hajiya Kulu na sa mata shi a hannu.

"Hajiya, cokali nawa kika gani?"

Kowa ya juyo, don da yawa ba su taɓa jin muryata cikin taro ba. Ta juya bayan kwalin ta bi da yatsa.

"Ɗaya, biyu. Sai wani ɗan tsinke a gefe. Ina na ukun, ɗiyata?"

"Ya shige ƙarƙashin gam."

Baba ya ce, "Ke kika taɓa aikin?"

"A'a, Baba. Haka ya bar shi."

"Arzika ba ya irin wanga kuskure."

"Bai ga layin ba, Baba. Ya kai shekara ba ya gani sosai. Ni nake karanta masa. Na ga cokalin ranar, ya tambaye ni, na ce lafiya lau."

Daga nan kuka ya ƙwace mini. Ji na yi kamar na yaye masa riga a gaban mutane yana kwance ba ya iya kare kansa.

Can Inna ta ce a hankali, "Na ɗauka ni kaɗai na sani. Shi ya sa na daina aika mishi kifi, in kuma na aika sai na zare ƙaya. Har ya ce na zama marowaciya, ina cinye ƙashin."

Mushe Gado ya cire tabarau ya goge ido. "Ni fa tun daga bakin tasha nike fara tari, don shi san ni ne tahe. Wata bakwai ina tarin ƙarya. Ƙarshe ya ce in tahi likita, kar in mutu mishi a shago."

Wani ya fara dariya ya kasa tsayawa, sauran suka kama, Inna tana dariya hawaye na zuba mata. Ashe Baba ma da nasa. Ya juya yana kallon dokin ƙofar zaure, wanda ya shafa wa farar ƙasa a bara ya ce mana don ado ne, alhali don Kawu ya riƙa ganinsa ne.

Mushe Gado ya ce, "Ashe gida guda muna ta ɓoye ma juna, shi kuma yana can yana zaton ya ɓoye muna duka." Ya dube ni. "Tashi, ɗiyata. Mu duk mun yi mishi shiru, amma namu shirun bai kai ga kunun jarirai ba. Kin iya gyarawa?"

Na ce na iya.

Hajiya Kulu ta raka ni shago, Baba ya aika a ce wa direba ya ɗan jira. Ta zauna a bencina, ni na zauna a kujerar Kawu, karo na farko. Na kama kusu na ce zan rage wa cokulan girma su koma yadda suke da.

Ta dafa kafaɗata ta ce, "A'a. Kar ki rage mishi su. Girman da ya iya gani ke nan. Nemi wani abu ki matsar."

Sai na sauko da kofin ƙasa, na janyo cokulan uku zuwa hagu, suka zauna cikin baya da sauran wuri, nesa da shuɗin layi. Na sake bugawa, na yanka, na naɗa. Ta karɓa, ta miƙa hannu nesa da fuskarta kamar yadda tsofaffi ke yi, ta ƙirga da ƙarfi har uku. Direba ya tashi da la'asar.

Kwalayen sun iso makon jiya. Hajiya Kulu ta aiko mini da ɗaya, cokulan manya-manya, ana ganinsu daga ƙofar kanti. Har yanzu abin yana ci na. Da na faɗa masa ranar Larabar nan, da ya yi mita, ya ce allon ne ya yi datti, ya gyara da hannunsa, aikinsa na ƙarshe ya fita yadda ya saba. Ban ba shi wannan damar ba, kuma ba zan iya neman gafararsa ba sai dai in roƙa masa.

Allah ya jiƙan Kawu Arzika, ya gafarta masa kurakuransa, waɗanda ya gani da waɗanda bai gani ba. Allah ya yalwata kabarinsa, ya cika masa shi da haske, ya mayar masa da ganinsa fiye da na da. Yaran da za su sha kunun nan, Allah ya raya su, ya kai masa ladan. Amin.